Lamba Goma Sha Biyu

A shekarar da rediyo ya bar kiɗa ya koma lissafin garuruwa,
ni ne mai ɗaukar bokitin ruwa.
Kwalejinmu ta horon malamai na can gefen Sakkwato,
fili mai tsakuwa, gola biyu babu raga,
sai sandunan da muka saro a bakin Rima.
Riguna goma sha ɗaya, kore da ratsin fari.
Ni na sha biyu, singileti ce tawa.

Kullum bayan la'asar ina gindin dogonyaro,
ina kallon Arzika na raba wa mutane yanka kamar goron suna,
ina roƙo ƙasa-ƙasa don kada a ji:
Ya Rabbi, ko minti biyar ne, ka buɗa mini wuri.

Dama akwai giɓi tun kafin nan.
Okwudili ya fita da dare shekara biyu baya,
ya bar safar hannunsa rataye a ƙusa.
Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya sauke.
Jabbi ke tsare mana gida da tafinsa tsirara.

Wasan farko mun ci 'yan Wurno biyu da nema,
muka dawo bayan akori-kura, murya duk ta dushe.
Da safe sai ga wata motar a ƙofar makaranta,
mai launin ganye, da saje riƙe da igiyar awo.
Aka auna ƙirji, aka auna tsawo.
Arzika ya cika awo. Labbo ma haka.
Suka ninke rigunansu suka miƙo mini,
don ni ke wanki.

Malam Tambari bai yi wa kowa wa'azi ba.
Ya busa usur, ya ce, "Ku tashi, hili na jira."

A Gusau aka zuba mana uku.
Ƙwallo ta fashe, ga sabuwa ta yi wuya,
muka kai wa baduku, ya yi mata faci da jar fatar akuya,
ta riƙa birgima da tabo kamar mai jinya.
Modi ya tafi ranar Talata.
Sahabi bai ko yi sallama ba,
takalminsa kawai muka gani ƙarƙashin gado.

Wasiƙa ɗaya ta zo daga Makurɗi, da fensir:
ruwa a nan ba ya ɗaukewa, sauro kamar fara,
ku gai da inna,
wa ke sa tara?
Ba mu gama shawarar amsa ba
aka kira Malam ofis, ya fito hula a hannu.

Ranar wasan ƙarshe ya ƙirga mu sau biyu.
Goma. Ya juyo ya dube ni.
Na sa tara. Ta sauko mini har cinya,
tana ƙanshin sabulun da ni na wanke ta da shi.
Saura kaɗan a tashi, Nomau ya kwaso ta daga hagu,
ta bugi gwiwata, ban ma nufa ba, ta shige.
'Yan kallo na can baya, lamba kawai suke gani,
suka ɗauka gaba ɗaya: Arzika! Arzika!
Ban juya ba. Na bar musu bayana
har ihun ya mutu don kansa.

Kofin na gwangwani ne, ya yi tsatsa tuni.
Na koyar shekara talatin da huɗu, Gwadabawa, Yabo, Bodinga.
In jikoki suka ce, Baba, ka taɓa cin ƙwallo?
sai in ce sau ɗaya, in kawo wata hira.
Amma har yau in na ɗaga hannu bayan salla
nakan daɗe ban ce komai ba,
ina duba abin da zan roƙa ciki da bai,
ko rigar wani ce.